Mai Lafiya Da Lambar Ciwo

Tambayar da muke so mu taru mu duba a wannan fitowa gajera ce, sai dai amsarta da nauyi: shin mutumin da bai kamu da ciwo ba, amma an gano ya gaji abin da kan jawo ciwon, majinyaci ne ko kuwa mai lafiya? Wani zai ce ai wannan zancen likitoci ne. To amma a ƙasar Amurka akawun asibiti ne ke fara cin karo da ita, domin can ba a biyan likita sai da lamba.

Ga yadda abin yake. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wani kundi mai suna ICD wanda ya bai wa kowace cuta harafi da lamba. Amurka ta faɗaɗa bugu na goma na kundin, ta fara aiki da shi a watan Oktoba na 2015. Idan likita ya duba mutum, sai a mayar da bayaninsa lamba, a aika wa kamfanin inshora, shi kuwa ya duba ya ga ko zai biya. A cikin kundin akwai rukunin Z15, na wanda ya gaji haɗarin kamuwa da cuta. Matar da aka samu tana ɗauke da gurɓataccen ƙwayar gado ta BRCA1, wadda aka gano a 1994, ko BRCA2, ta 1995, lambarta ta haɗarin sankarar mama ita ce Z15.01. Lafiyarta ƙalau, tana zuwa aiki, tana goyon 'ya'yanta, amma ga ta da lamba.

Bai kamata mu yi saurin tsine wa wannan lamba ba. Kimanin mace ɗaya cikin takwas a Amurka ce kan kamu da sankarar mama a tsawon rayuwarta, alhali kuwa cikin masu wannan gado abin ya haura rabi. Irin wannan mata tana bukatar a fara ɗaukar hoton ƙirjinta tun da ƙuruciya, a kuma riƙa maimaitawa. Wata ma tiyata take zaɓa tun ciwon bai zo ba, kamar yadda 'yar fim Angelina Jolie ta bayyana ta yi a 2013. In babu lambar, da wace hujja za a biya kuɗin jinyar wanda ba shi da ciwo? Ashe lambar mabuɗi ce.

Sai dai mabuɗin da ya buɗe ƙofar asibiti yakan buɗe wasu ƙofofin da mai shi bai nufa ba. Mu da muke aikin koyarwa mun san wannan sarai: kalma ɗaya da malami ya rubuta a katin yaro a aji ɗaya takan riga shi isa aji shida, malamin da bai taɓa ganinsa ba ya yanke masa hukunci da ita. Haka lambar take. Takan fita daga ɗakin likita ta shiga hannun mutanen da ba su san fuskar matar ba. Amurkawa sun hango haka, shi ya sa a 2008 suka kafa dokar da ake kira GINA, wadda ta hana masu inshorar lafiya da masu ɗaukar ma'aikata nuna bambanci saboda gadon jini. To amma dokar ba ta kai ga inshorar rai ba, ba ta kuma kai ga ta naƙasa ba. Can ana iya tambaya, ana kuma iya ƙi.

Wannan tsoro yana da asali, kuma asalin ya shafe mu. A shekarun 1970 an yi ta gwada baƙaƙen Amurka don gano sikila, sai aka riƙa cakuɗa mai AS, wanda yake ɗauke da gadon kawai, da mai SS, wanda yake fama da ciwon. Wasu suka rasa aiki, wasu aka tsawwala musu kuɗin inshora, makarantar horar da hafsoshin sojan sama ma ba ta daina korar masu AS ba sai a 1981. Har yanzu kuwa lambar AS, wato D57.3, tana zaune ne a babin cututtukan jini, kafaɗa da kafaɗa da ciwon kansa. A nan gida, inda kusan mutum ɗaya cikin huɗu yake da AS, wa bai taɓa jin an ce wance “tana da sikila” ba, alhali takardar gwajin aure ce kawai ta zaga dangi?

A ganinmu, masu tsara Z15 sun yi wata hikima da ta cancanci yabo. Sun ajiye ta a babin Z, wanda ba na cututtuka ba ne, na abubuwan da ke shafar lafiya ne. Sun kuma shar'anta cewa kada a rubuta ta a sahun farko; dole wani dalilin zuwa asibiti ya gabace ta. Wato dai sun yarda mutumin nan ba majinyaci ba ne, mai bukatar a sa masa ido ne. Mun gamsu da wannan amsa, in dai mai karanta lambar zai karanta ta yadda aka nufa.

Abin da ya rage mana a zuci shi ne wanda kundin bai tanadar wa gurbi ba. Gado ba na mutum ɗaya ba ne. Ranar da aka rubuta wa mace Z15.01, an faɗi wani abu game da 'yar'uwarta ta ciki ɗaya da 'yarta, har da ɗanta namiji, domin kowannensu yana iya ɗauke da shi, rabi da rabi. Ita ta sa hannu kafin a ɗebi jininta. Su kuwa ba wanda ya tambaye su ko suna son su sani.