Nasiha Ga Jama'ar Funtua Da Kewaye Kan Kuɗin Mamaci A Banki

A zamanin iyayenmu, in manomi ya kai audugarsa ma'auna ya karɓi kuɗi, a fili arzikin yake tsayawa, shanu a garke, damma a rumbu, gona da iyakarta, ta yadda ran da ya faku liman da mai unguwa za su zagaya su ƙididdige tarika da idonsu. Yau kuwa mutum yakan sayar da masara mota guda a kasuwar Dandume, kuɗin su shige banki, ba wanda ya san adadinsu sai shi da wayarsa.

Ran da aka buɗe asusun, ma'aikacin banki ya tambayi wanda za a rubuta a gurbin makusanci, maigida ya ambaci babban ɗansa don shi ya yi boko, ko ƙanensa don shi ya ɗauko shi a babur. Sai ga shi bayan shekaru, tun ba a naɗe tabarmar ta'aziyya ba, ana jin wani yana cewa, "Ai Baba ni ya rubuta."

To, a sani, bankin kansa bai ɗauki wannan suna a matsayin mallaka ba. Wanda za a tuntuɓa ne kurum, kuma da zarar labarin rasuwa ya isa ga bankin sai ya rufe asusun har a kawo shaidar mutuwa da takardar izini daga kotu. Shari'a kuwa ta riga ta jera al'amarin: a fitar da kuɗin likkafani da binnewa, a biya bashi, a zartar da wasiyya, sa'an nan a raba abin da ya saura bisa fara'idi. In mai sunan ya ce wasiyya ce, ai ba a yi wa magaji wasiyya sai in sauran magada sun yarda, ko ga bare ma ba ta wuce sulusi, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. In kuma ya ce kyauta ce, malamanmu na Malikiyya sun sharɗanta hauzi, watau wanda aka ba ya karɓe abin tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. Ina hauzi ga kuɗin da marigayi yake cira yana sayen taki har daminar da ya kwanta?

Abin da ya fi wannan muni shi ne aikin dare. Yaron da ya san lambar sirri ya zare kati daga aljihun rigar mahaifinsa, ya nufi wurin mai POS, in an tambaya ya ce abincin masu gaisuwa ne. Alhali in a ce kuɗin da ya taɓa naira miliyan 8 ne, miliyan 1 tumunin matan gidan ne, akwai sudusin tsohuwa in tana raye, akwai rabon 'yan matan da ke gidajen aurensu, waɗanda kunya ke hana su magana, akwai kuma na jaririn da ke goye, wanda aya ta 10 ta Suratun Nisa'i ta yi wa mai cin dukiyarsa gargaɗi da wuta. Balle asusun dillalin hatsi, wanda sau da yawa ba nasa ne shi kaɗai ba: da kuɗin adashi, da na manoman da suka ba shi buhuna ya sayar, duk wuri ɗaya suke kwana.

Saboda haka maigida ya samu malami da shaidu biyu adilai, ya rubuta bankunan da yake ajiya, da abin da ake binsa, da amanar mutane da ke hannunsa, ya kuma gaya wa wanda ya rubuta a banki, a gaban 'yan'uwansa, cewa ɗan aike ne. Magada kuma su kai maganar kotun Shari'a da wuri, kada su bari gaba ta daskarar da kuɗin, domin bisa ƙa'idar da Babban Bankin Nijeriya ya fitar a 2024, ajiyar da ta shekara 10 ba a taɓa ta ba ana mayar da ita hannunsa, sai an sake bin takardu kafin a karɓo.