Tuwon Salla: Gumin Wa Ke Cikin Akushi?

Ran jajiberen Ƙaramar Salla muna zaune a zauren wani dattijo a Birnin Kudu, ana jiran labarin wata, sai gardama ta tashi tsakanin mutum biyu. Ɗaya manomi ne daga ƙasar Gwaram, ya kawo wa 'yarsa kayan Salla. Ya ce shi a gidansa abin saye ba ya shiga tukunyar Salla. Dawa daga rumbunsa, gyaɗa daga gonarsa, kaza daga akurkinsa, daddawa kuwa ɗorawar bakin gonarsa ce ta ba da kalwa. Ɗayan ɗan kasuwa ne. Ya yi dariya, ya ce wannan ai wahalar banza ce, tun da ga injin niƙa a kowace unguwa, ga shinkafar buhu, ga dunƙulen Maggi. Ya ce ciki bai san wanda ya yi daka ba.

Aka watse ba wanda ya ka da wani. Ni kuwa maganar ta bi ni har gida. Shin abincin da aka yi tun daga tushe ya fi na saye daraja ne, ko kuwa son abin da aka saba ne kurum irin na tsofaffi?

Kafin mu yanke hukunci, ya mai karatu, mu duba aikin tukuna. Damin dawa ba ya zama tuwo sai an sussuke shi, a sheƙe, a surfa a turmi, a bakace dusa, a wanke, a shanya, a niƙa bisa dutse, a tankaɗe. Sa'an nan a yi talge, a tuƙa da muciya har kafaɗa ta ƙage, a kwashe da mara. Man gyaɗa sai an ɓare gyaɗar, a soya, a niƙa, a yi ta juya tunkuza da ruwan zafi har mai ya tsattsafo. Daddawa ita ce uwar wahala. A dafa kalwa yini guda, a surfe ɓawon, a wanke, a sāke dafawa, a rufe ta kwana biyu ko uku har ta yi, sa'an nan a kirɓa, a shanya. Ƙullun waina kuma tun daren Salla a ke haɗa shi don ya kwana ya tashi. Watau tuwon da za ka lanƙwame kafin ka gama gaisawa da baƙo, an yi mako ana bautarsa.

Manomin nan yana da gaskiya a wuri guda, ba kuwa ƙarama ba ce. Tuwon Salla ba don cikin mai gida a ke yinsa ba. Yara ne ke fita da kwanoni a ka, wannan gidan liman, wannan gidan surukai, wannan na maƙwabciyar da mijinta ya rasu. Kyauta ce, kyauta kuwa tana ɗauke da wani abu na mai ba da ita. Wadda aka kai wa takan buɗe kwano ta ji ƙanshi ta ce, wannan miyar gidan wane ce. Kadan kowa ya sayi abu ɗaya a kanti ɗaya, miya goma za su zama miya ɗaya. Banda wannan, sana'ar da aka daina yi mutuwa ta ke yi. Yarinyar da ba ta taɓa ganin an haɗa daddawa ba, ranar da kuɗi suka yanke ba ta da mafita.

Amma akwai abin da na lura da shi a zauren nan, wanda ya hana ni ba shi gaskiya duka. Tun da ya fara magana "na yi" ya ke cewa. Na duba tafin hannunsa, akwai kantar fartanya, wannan ba musu. Kantar taɓarya fa, a hannun wa ta ke? Shi zai yi wanka ya sa sabuwar riga ya tafi Idi, matan gidan kuwa tun asalatu suna bakin murhu, hayaƙi ya rine musu ido, wata ma da goyo. Bayan sun yi wata guda suna dafa abin buɗa-baki da na sahur da azumi a bakinsu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya zargi mazan zamaninsa cikin littafinsa Nurul Albabi saboda sun ɗora wa matansu aikin gida sun bar su cikin jahilci. Mutum ba shi da ikon yin alfahari da wahalar da wani ya sha, balle ya wajabta ta don a yabe shi a zaure.

Sa'an nan kuma, wa ya taɓa yin tuwo tun daga tushe? Turmin nan masassaƙi ya sassaƙa. Tukunya maginiya ta gina, wuƙa maƙeri ya ƙera, man shanu Bafilatana ta kawo. Gishirin kakanninmu daga Bilma raƙuman Azbinawa su ke ɗauko shi. Ita kanta gyaɗar da ya ke taƙama da ita, da barkonon miyarsa, asalinsu daga ƙasashen Amurka ne, sai bayan 1492 suka ƙetaro teku. Ashe ko mai rumbu goma sai ya ratsa kasuwar Sara ko wata irinta. Wanda ya kai dawa inji ya ƙara hannu ɗaya ne kawai cikin hannuwa masu yawa da suka riga suka taɓa akushinsa.

Shi ma ɗan kasuwa bai kuɓuta ba. Na san masu cin bashi su sayo buhun shinkafa don kada a ce gidan wane tuwon dawa aka yi, su yi Salla kwana ɗaya su yi wata uku suna ɓuya wa mai kanti. Wannan da manomi ciwonsu ɗaya, idon mutane su ke dafa wa abinci.

Da na isa gida na ga abin da ya kamata in yi tun shekarun baya ban yi ba, na tambayi uwargida wanne ta zaɓa. Ta dube ni, kamar ba ta yarda da kunnenta ba. Can ta ce, "Malam, surfe da niƙa a kai inji, ba lada na ke samu ba sai ciwon baya. Amma daddawata da ƙullun wainata, kada kowa ya sa mini hannu." Na kira yaro ya ɗauki kwanon dawa, ya tarar da layi har bakin titi, bai komo ba sai bayan isha'i. Ita kuwa a daren nan ta sami sararin zama aka yi mata kitso, ta ƙunsa lalle.