Ɗigo-Ɗigo

Ya Allah, Ka san abin da ke aljihuna, Ka kuma san abin da ke zuciyata. Yau tunanina bai yi nisa ba. A kan sabulun aski ya tsaya.

Nawa mai araha ne. A Kasuwar Kure ta Minna na saye shi, a teburin da ake sayar da reza da soso da man shafawa. Ba shi da kwali mai ƙyalli, ƙamshinsa ma bai kai bakin ƙofa ba. Akwai waɗanda ake yi a Ingila da Italiya, cikin 'yan gwangwanaye masu kyau, kuɗin guda ɗaya ya isa cefanen kwanaki. Nakan gan su a waya. Wani lokaci raina ya biya.

Amma abu uku ne ke haɗuwa su zama kumfa: sabulu, da ruwa, da iska. A cikinsu ɗaya kaɗai na saya. Ruwan ma da nake biyan ɗan garuwa, ladan turo shi nake biya. Wanda Ya saukar da shi bai karɓi ko kwabo ba.

Sabulun busasshe ne, mai tauri. Idan na ɗora masa buroshi a haka, babu abin kirki da zai fito. Sai na ɗiga masa ruwan ɗumi, na bar shi ya jiƙa kafin in gama wanke fuska. Buroshin ma in jiƙa shi, in yarfe, ya zama da danshi amma ba ya zuba. Sannan in yi ta murza shi a kan sabulun har bakin gashinsa ya cika. Nan ba wurin rowa ba ne. Amfanin araha ke nan, mutum ya ɗiba da yawa ba tare da gabansa ya faɗi ba.

Daga nan sai aikin ruwa, kuma shi ne aikin gaske.

Idan na kwara shi gaba ɗaya, kumfa takan tashi nan take, da manyan ƙwayoyi, ta cika ƙoƙo, ido ya ƙoshi. Kafin in ɗauki reza ta kwanta, ta bi wuya ta gangara. Idan kuma na hana ta ruwan, ta yi kauri, ta bushe a kunci, ta toshe bakin reza.

Mai kyau ba ta zuwa da gaggawa. In tsoma yatsu, in ɗiga biyu ko uku, in murza. In jira ta shanye. In ƙara. Haka, haka, har ta yi laushi, ta yi sheƙi, ƙwayoyinta su ƙanƙance ido ba ya ganinsu. In shafa ta tsakanin yatsu biyu in ji santsi. A lokacin ne reza ke wucewa ba ta ja ba, ba ta bar ƙuraje ba.

A nan nake tsayawa, ya Ubangiji.

Ni mai son a kwara mini ne gaba ɗaya. Ina so in ga kuɗin makarantar yara na shekara a hannu tun yau. Ina so in ga haya a ajiye, buhun masara a jingine, doya a tare a lungu. Ina so in san yadda watan gobe zai kasance kafin wannan ya mutu. Sai hankalina ya kwanta, in ji ni.

Kai kuwa ɗigo-ɗigo Kake ba ni. Na yau ya zo yau. Na gobe yana wurinKa.

Da can nakan ɗauki wannan kamar jinkiri ne. Yanzu ina ganin kamar awo ne. Ka san abin da zuciyata za ta iya shanyewa a lokaci guda, fiye da yadda ni na sani. Wataƙila da an kwara mini, da na kumbura na cika ido, sannan na kwanta kafin azahar. Na ga hakan ta faru ga mutane da suka fi ni ƙarfi, kuma ban ga abin da zai hana ta faru gare ni ba.

Akwai kuma ranar da zan bi duk ƙa'ida, kumfar ta ƙi. Abin da ke fara zuwa bakina shi ne, ai dama araha ba ta ado. Alhali sau da yawa sabulun ba shi da laifi.

Ruwanmu na Minna ba iri ɗaya ba ne. Na famfo daga madatsar Tagwai yake tasowa, a tace shi a Chanchaga. Amma tun da garin ya zama babban birnin jiha a 1976 yake ta faɗaɗa, unguwanni suka yi ta fita ta wajen Bosso da Maitumbi da Kpakungu. Shi ya sa gidaje da yawa rijiya suke sha, ko burtsatse, ko jarkar 'yan garuwa. Wani ruwan ƙasan yakan ɗauko kalsiyam da magniziyam daga duwatsun da ya ratsa. Waɗannan sukan kama sabulu su mai da shi wata farar dauɗa a gefen ƙoƙo, kumfa ta mutu. Mata masu wanki sun riga masu aski sanin wannan.

Maganinsa ba shi da wuya. A ƙara ɗiban sabulu, ko a fasa ruwan leda ɗaya, ya isa aski har ya yi saura. Da damina kuwa, daga Afrilu zuwa Oktoba, ruwan da aka tara daga kwanon rufi ya fi duka. Ba ya ɗauke da komai na ƙasa. Sabulun nan dai da na raina, a ruwan sama sai ya zama kamar an sauya shi.

Ina da saurin yanke wa abin da Ka ba ni hukunci. Albashin ya yi kaɗan. Ɗakin ya yi ƙunci. Ƙarfin jikin ba kamar da ba. Kafin in ce abu bai isa ba, Ka tuna mini in dubi abin da nake zuba masa. Wani lokaci tsoro nake zubawa, wani lokaci hangen na wani. Babu abin da ke auki a cikin irin wannan ruwan.

Ina tuna sabulun salo. Baƙi ne, ba shi da siffa, a dunƙule ake sayar da shi. Mata ne ke dafa shi da ruwan toka da mai. A cikin tokar akwai fotasiyam, shi ke sa sabulu ya yi taushi, ya narke da wuri. Masu yin sabulun aski mai tsada a Turai ma da fotasiyam suke haɗa nasu, saboda wannan dalilin. Man alayyadi ke sa kumfa ta tashi da sauri. Man kaɗanya da kitse ke sa ta yi jiki, ta daɗe a fuska. Kaɗanyar kuwa ga ta nan cike da dazukan Neja, jiharmu tana sahun gaba wajen samar da ita, mata na tsinto ta da sassafe a farkon damina.

Gaskiya ne, salo in toka ta yi masa yawa yakan yi zafi a fata, ba kowanne ne ya dace da aski ba. Amma abin da ke ba ni mamaki shi ne inda Ka ɓoye alherin. A cikin toka, abin da ake kwashewa a zubar a bola. Ba Ka ajiye shi inda mai kuɗi kaɗai zai kai hannu ba.

Wanzamai sun san ruwa fiye da ni. Mutum zai zauna a kan tabarma ko benci, wanzami ya buɗe zabira, ya wasa aska, amma ba zai fara ba. Sai ya tsoma hannu a ƙoƙon ruwa ya shafa kai, ya goga ɗan guntun sabulu, ya yi ta murzawa. Gashi yana shan ruwa, cikin minti biyu ko uku ya yi laushi, askar ba ta shan wahala, mai kan ma haka. Ba ya juye ƙoƙon a kan mutum. Inda zai aske yake jiƙawa. In ya matsa gaba, ya sake tsoma hannu.

Da hunturu abin ya fi fitowa fili. Iskar Disamba da Janairu tana busar da kumfa kafin a gama kunci ɗaya. Wanda ya shafe fuska duka don ya huta, zai tarar da rabi ya bushe. Dole a shafa gefe guda, a aske, sannan a shafa ɗayan.

An ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Nakan zauna ina jin zafin goshi tun aska tana ƙeya. Abin da bai iso ba shi ke hana ni barci. Alhali ban taɓa isa wani wuri mai wuya na tarar ba Ka riga ni jiƙa shi ba. Ba koyaushe zafin ke gushewa ba, wannan na sani. Amma ban taɓa samun kaina a bushe ba.

To, ga ni. Ban roƙi na shekara ba a safiyar nan. Ka ba ni abin da yinin zai ɗauka, Ka kuma ba ni haƙurin murza shi har ya yi auki. In zuciyata ta fara ƙirga abin da babu, Ka juyo da ita a hankali, kamar yadda Ka saba.

Ka tuna da 'yan garuwa da suka fita tun duhu, suna tura kura cike da jarkoki a hawa da gangara. Ka tuna da mata masu dafa sabulu a gaban wuta, da wanzaman da injin aski ya rage musu ciniki. Rana a garin nan ba ta da wasa, musamman in Maris ya kama. Ka sa su sami abin kai wa gida kafin ta take.