Awon Igiya da Hakkin Maƙwabci a Shari'a

 

Duk wanda ya taso daga Gwiwa ko Roni ya biyo ta Kazaure zuwa Kano, da ya wuce Dawanau zai iske Bachirawa da Rijiyar Lemo da Kurna. Da yawa daga lungunan waɗannan unguwanni awon igiya ne, watau mai gona ya kira dillali, a ja igiya, a yanyanka fuloti a sayar, ba da tsarin hukuma ba. A nan ne 'yan ci-rani da dama daga ƙasar Kazaure suke samun wurin sa haƙarƙari. Neman muhalli kuwa ba laifi ba ne, balle ga talakan da takardar mallaka ta fi ƙarfinsa tun da dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna.

Inda laifin yake shi ne cinye hanya. Mai gona yana ganin kowane taku da ya bari asara ce, mai gini kuma ya zo ya ƙara turo katanga. Sai a wayi gari lungu ba ya ɗaukar motar kashe gobara, makara ma sai an karkata ta. Alhali Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya hukunta a bar kamu 7 idan an yi saɓani a kan faɗin hanya. Da aka zana birnin Kufa a shekara ta 17 bayan Hijira, zamanin Sayyidina Umar, manyan hanyoyi kamu 40 aka ba su, lunguna kuma kamu 7. Waɗannan mutane fa raƙuma da jakuna suke kora. Ya kuma tabbata cewa wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasa bisa zalunci, za a rataya masa shi har ƙassai bakwai ranar Alƙiyama. Cin hanya ya fi muni, domin masu hakkin ba su ƙidayuwa, balle a bi su neman gafara.

Sai maganar ruwa. A fuloti ƙarami, shaddar wannan gida takan zauna dab da rijiyar wancan. Da damina ƙazanta ta tsiyaya ta ƙarƙashin ƙasa, kwata ta kwanta a ƙofar gida, sauro ya samu sansani, amai da gudawa su shiga yara. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai, ta hana mutum ya haƙa abin da zai cuci maƙwabcinsa ko da a cikin mulkinsa ne, ta kuma hana buɗe tagar da za ta tona asirin gidan wani. Saboda haka faɗin "ai filina ne" ba hujja ba ce a mazhabar Malik.

Garuruwan gida ma suna ta kutsawa cikin gonaki tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. A Gwiwa har yanzu akwai sarari, gyara bai kai ga rusau ba. Wajibi ne dagaci da mai unguwa su ƙi sa hannu a takardar ciniki sai an fitar da hanya da magudanar ruwa, an kuma ware filin makaranta da maƙabarta, kafin dillali ya kafa turken farko.