Abin da ka saya da kuɗinka, naka ne?

Ɗan'uwa mai karatu, ga wata tambaya. Ka sayi abu da kuɗinka. Aka hana ka buɗe shi, aka hana ka kai shi wurin mai gyaran da ka ke so. Abin nan naka ne, ko aro aka ba ka? Kada ka yi saurin amsawa. Mu bi maganar a hankali.

Idan ka taɓa zuwa Yamai, watakila ka shiga unguwar Bukoki, ka ga kasuwar Katako. A can ba a yar da kome. Tsohuwar tano ta koma akwati ko murhu. Ɓaraguzan alminiyon a narke su, su koma tukunya. Taya ta mutu, a yanka ta a yi guga ko takalmi. Maƙerin Katako ba ya neman iznin wanda ya ƙera tano kafin ya sa mata guduma. Ya saya, ta zama tasa, magana ta ƙare. Haka hauyarka ta ke, haka amalankenka ya ke.

To, akwai wata na'ura da ba haka ta ke ba. Ita ce kwamfuta, wadda mutanen Yamai ke ce wa ordinater. Jikinta ƙarfe ne da roba da gilashi. Amma ƙarfe ba ya lissafi. Abin da ke sa ta aiki rubutu ne, dogon rubutu na umurni, wanda mutane suka zauna suka rubuta. Shi a ke ce wa manhaja. A cikin manhajoji akwai babba guda, kamar uwargida a cikin gida. Ita ke raba wa kowa aiki: allo ya nuna, ma'aji ya ajiye, maɓallai su rubuta. In babu ita, kwamfuta ƙarfe ce kawai.

Uwar manhajar da aka fi sani ita ce Windows, ta kamfanin Microsoft na Amurka. Ba a sayar maka da ita. Iznin aiki da ita ka ke saye. Asalin rubutunta a rufe ya ke, ba ka da ikon karanta shi, balle ka gyara. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10. Ita kuwa Windows 11 ba ta yarda ta hau tsofaffin injuna da yawa. Inji lafiyarsa lau, amma an ce masa ya tsufa. Irin waɗannan tsofaffin kuwa su ne talaka ke iya saye.

Tun da daɗewa wasu suka ga inda abin ya dosa. Wajen 1980, a wata babbar makaranta ta Amurka mai suna MIT, akwai wani masani, Richard Stallman. Injin buga takardu na ofishinsu yana yawan cijewa. Ya nemi asalin rubutun manhajar injin don ya gyara, aka hana shi. Abin ya tsaya masa a rai. A 1983 ya yi shelar cewa zai rubuta uwar manhaja wadda kowa zai iya aiki da ita, ya karanta ta, ya gyara ta, ya ba wani. Ya sa mata suna GNU. A 1991 wani ɗalibi a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ɗan shekara 21, ya rubuta zuciyar da ta rage wa aikin. Ita ce Linux. Yau ko wayar Android da ke aljihun ɗanka, Linux ce a cikin cikinta.

Amma akwai sharaɗi guda, kuma a wurina shi ne gishirin maganar. Ka ɗauka, ka gyara, har ka sayar in ka ga dama. Sai dai ranar da ka miƙa wa wani, dole ka miƙa masa da rubutun a buɗe, da duk ikon da aka ba ka. Kamar wanda aka ba irin gero ne, aka ce masa: shuka, ci, sayar, amma kada ka hana maƙwabci iri. Har ma ya fi iri sauƙi. Iri idan ka bayar, rumbunka ya ragu. Rubutu kuwa kamar ɗiban wuta ne. Maƙwabciya ta zo da kasko ta ɗebi garwashi, murhunki bai mutu ba, uwargida, nata kuma ya kama.

Yanzu duba inda wannan sharaɗi ya kai. A 1985 wani kamfanin Amurka, Commodore, ya fito da kwamfuta mai suna Amiga. Mutane sun ƙaunace ta saboda zane da kiɗa. A 1994 kamfanin ya karye. Da a ce kome a rufe ya ke, da injin ya bi ubangijinsa kabari. Amma wasu ƴan tsiraru masu sha'awarta suka zauna, suka daidaita Linux ta hau waɗanda suka fi ƙarfi a cikin injunan. Har yanzu akwai masu kula da wani reshe na Debian, watau wata Linux da aka kafa a 1993, domin irin waɗannan tsofaffin injuna. Ba su da yawa. Ba mai biyansu. Wani zai ce aikin banza ne, tun da injin ba ya iya rabin abin da ƙaramar waya ke yi. Ni ban ga banza a ciki ba. Abin da suka nuna shi ne, inji ba ya mutuwa ranar da mai kanti ya rufe ƙofa. Yana mutuwa ne ranar da ba sauran mai iya buɗe shi.

Akwai kuma wata ƴar ƙarama, Raspberry Pi, da aka fito da ita a Ingila a 2012. Girmanta kamar katin ɗan ƙasa. Kuɗinta a lokacin dalar Amurka 35, wajen jikka 18 ke nan na sefa. Tana zuwa fayau, babu kome a kanta. Kai ne za ka zuba Linux a ɗan kati irin na waya, ka soka mata, ka haɗa ta da talabijin da maɓallai, ka ba ta wuta. In ka ɓata aiki, ka goge katin ka sake. Don yara su koya aka yi ta, su ɓata su gyara ba tsoro.

Na san abin da ke bakinka. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Su wa ke ciyad da masu wannan rubutu? Gaskiyarka. Yau yawancin aikin zuciyar Linux ma'aikata ne ke yin sa, manyan kamfanoni irin su Intel da Google na biyan su albashi, domin su ma suna cin moriyarta. Wannan ba laifi ba ne. Mai aiki ya ci guminsa. Ko kamfanin da ya rufe rubutunsa, ban ce masa ɓarawo ba. Ya kashe kuɗi, yana neman riba. Shi ya sa ma ba na jin daɗin ganin an zuba wa mutum kwafin Windows na sata an ce masa an taimake shi. Ga hanya ta halal a buɗe, me ya kai mu tsallake katanga?

Sai dai ba zan ɓoye maka wahalarta ba. Wani lokaci ka zuba Linux, injin buga takardu ya ƙi amsawa, ko intanet ta ƙi kamawa. Wata manhajar da ka saba da ita ba ta hawa kanta. Kuma babu kantin da za ka je ka buga tebur. Wanda ya karɓi ikon gyara, ya karɓi ɗawainiyar gyara tare da shi. Ba kowa ne ke son wannan kaya a kansa ba, kuma ba na zargin wanda ya ce ya fi son a ɗaukar masa.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce wannan. An ce rubutun a buɗe ya ke, kowa ya karanta. To, wa ya iya karanta shi? Kai da ka fara haɗa baƙi da wasali bara, me buɗewarsa ta ƙare ka da shi? Ni ma da na ke koyar da karatu, wannan rubutu ba irin nawa ba ne. Wani ma sai ya ce ai ƴanci ne na masu ilmi kaɗai, mu kallo ne namu.

Ga yadda na ke ganin abin. Kai ba maƙeri ba ne. Ba ka taɓa hura zuga ba. Amma ranar da hauyarka ta karye, kana da maƙera uku ko huɗu a kasuwa. Wannan ya tsawwala kuɗi, ka wuce wurin wancan. Yi tunanin a ce maƙeri ɗaya ne a duniya ke da iznin taɓa hauyarka, yana can bayan teku, kuma shi zai faɗa maka shekarar da za ka daina noma da ita. Ka ga ashe ƙira a buɗe tana amfanin wanda bai iya ƙira ba. Haka rubutun nan ya ke. Kai ba ka karanta shi ba, amma yaron Bukoki mai gyaran waya yana da ikon koyonsa ba tare da ya roƙi kowa ba. Gobe ƴarka ma tana da wannan iko. Ba wanda zai tambaye ta takardar lakkwal kafin ta buɗe.

Idan ƙungiyarku ta manoma ko ajinku na yaƙi da jahilci ya sami tsohuwar kwamfuta, kada ku yi saurin kai ta wurin masu awon ƙarfe. Ku nemi mai gyara ya zo da Linux a ɗan ma'ajin nan mai kamar yatsa, wanda a ke ce wa USB. Ana iya tayar da inji daga kansa a gwada, ba a taɓa abin da ke ciki ba. Ku gwada maɓallai, ku gwada sauti, ku ce ya nuna muku inda a ke zaɓen rubutun Hausa, don ɓ da ɗ da ƙ su fito daidai. In kun gamsu, ya fara kwashe muku takardunku da hotunanku ya ajiye a gefe, domin zubawa ta sosai tana iya goge kome. Manhajar kanta ba ku bin kowa kuɗinta, ba mai bin ku. Kuɗin aikinsa za ku biya. Ku sa ɗaya daga cikin yaranku ya zauna kusa da shi har ya gama.