Kyautar Yaro, Ta Hannun Wa?

Ya mai karatu, tambayar da nake so mu tattauna a wannan ɗan rubutu na tsince ta ne a zauren wata makarantar firamare a ƙasar Amurka, ran wata Asabar ta watan Disamba, ina tsaye tsakanin kwalaye maƙare da kayan wasan yara, dusar ƙanƙara kuwa tana ta zuba a waje. Tambayar ita ce: idan mutum ya yi niyyar faranta wa ɗan talaka rai, ta hannun wa ya kamata kyautar ta bi? Da farko za ka ga kamar maganar ba ta kai a ɓata mata tawada ba. Ni ma haka na ɗauka, sai da na yi abin kunya.

Bari in fara da bayyana al'adar, don wanda bai san ta ba. A can, abin da yaro ke jira duk shekara shi ne ya farka da safe ran 25 ga Disamba, watau ranar Kirsimeti, ya tarar da ƙunshi an naɗe da takarda mai ƙyalli, da sunansa a jiki. In an koma makaranta cikin Janairu, tambayar farko da abokansa za su yi masa ita ce, "Kai me ka samu?" Duk wanda ya taɓa fita yawon Sallah da tsohuwar riga ya san nauyin irin wannan tambaya. Saboda haka ne ƙungiyoyi ke ajiye manyan kwalaye a bakin kantuna da ofisoshi tun wata guda ko biyu kafin bikin, jama'a su riƙa sayen kayan wasa suna jefawa ciki, sa'an nan a tattara a raba wa gidajen da ba su da hali. Mafi shahara cikinsu ita ce wadda ake kira Toys for Tots. Asalinta, a shekarar 1947 wata mata mai suna Diane Hendricks ta ɗinka 'yar tsana a birnin Los Anjeles, ta ce wa mijinta Bill, wanda manjo ne a rundunar sojan da ake kira Marin, ya kai wa ƙungiyar da ke raba irin waɗannan abubuwa ga yara mabukata. Ya nema bai samu ba, sai shi da abokan aikinsa suka kafa tasu, suka tara kayan wasa kimanin 5,000 a wannan shekarar. Shekara na zagayowa rundunar ta rungumi aikin, ta yaɗa shi ko'ina a ƙasar. Da can har tsofaffin kaya suke karɓa su gyara, amma tun daga 1980 sai sababbi kawai.

To, ni ba wannan babbar ƙungiya na yi wa aiki ba. Wata ƙaramar ƙungiyar unguwa ce ta aiko jami'ar da nake karatu tana neman ɗalibai masu aikin sa kai, ni kuwa hutu ya zo, ba kuɗin jirgin komawa gida, ɗaki ya ishe ni. Aikinmu shi ne rarraba kaya bisa tebura gwargwadon shekarun yara: 'yan tsana nan, motoci can, ƙwallaye da littattafan zane a gefe. Wata dattijuwa ce shugabar aikin, mai ƙarancin magana, kuma tun da safe ta kafa mana doka uku. Ba a naɗe kome. Ba a ɗaukar hoto. Yara kuma ba sa shigowa zauren. Iyaye ne za su zo, kowa ya zaga ya zaɓar wa ɗansa abin da ya san yana so, a ba shi takardar naɗi ya tafi da ita gida.

Gaskiya raina bai so wannan tsari ba. Na tashi tun asuba, na yi dakon kwalaye har bayana ya ƙage, a ce kuma ba zan ga fuskar yaro ko guda yana murna ba? A zuciyata na ce, wannan tsohuwa ta cire wa miyar gishiri.

Can wajen la'asar sai ga wani mutum dogo, cikin rigar aiki mai tabon baƙin mai, riƙe da hannun yaro ɗan kimanin shekara shida. Da alama bai sami inda zai bar shi ba. Ya zaunar da shi a benci a bakin ƙofa, ya ce ya jira, shi kuwa ya shiga. Na duba, dattijuwar ba ta kusa. Sai na ɗauki wata jar motar kashe gobara, mafi kyau a teburina, na fita na durƙusa gaban yaron na miƙa masa. Lalle na sami abin da nake nema: idanunsa suka buɗe, ya rungume motar. Ina cikin jin daɗin kaina sai ga uban ya fito da baƙar jaka a hannu. Ya dubi motar, ya dube ni, ya dubi jakar. Na hangi abin da ya zaɓa ta bakin jakar, wata 'yar ƙaramar mota ce, ba ta kai rabin tawa ba. Ya daɗe bai ce kome ba, kana ya ce wa yaron a hankali, "Yi wa mutumin godiya." Yaron ya yi. Shi kuwa bai sake ɗaga ido ya dube ni ba har suka fita.

Me na yi wa wannan bawan Allah? Ban zage shi ba, ban ƙwace masa kome ba, ɗansa ma ya ƙaru da mota. Amma ka lura da abin da ke cikin jakar. Ba ƙarfe da roba kaɗai ya zo ɗauka ba; ya zo ne ya sami abin da zai ɓoye a bisa kabad kwana goma, ya naɗe da dare bayan yaron ya yi barci, ya tsaya da safe yana kallo ana yage takarda. Wannan safiyar ita ce rabonsa, ni kuwa na riga shi cinye ta a bakin ƙofa, na kuma koya wa yaron cewa abin kirki daga hannun baƙo yake fitowa, na uba kuwa ƙarami ne. Mu da muka taso muna jin ana roƙon rufin asiri fiye da yadda ake roƙon dukiya, bai kamata a ce sai wata dattijuwa a wata ƙasa ce za ta tuna mini da wannan ba.

Daga baya na gane ba ni ne na fara wannan kuskure ba. Wani ma'aikacin agaji mai suna Robert Lupton ya ba da labarin yadda ya shekara da shekaru yana haɗa masu hali da gidajen talakawa a birnin Atlanta, su kai musu kyautar Kirsimeti har gida. Sai da ya tare a cikin unguwar a 1981, yana zaune a ɗakin wani maƙwabci lokacin da masu kyauta suka yi sallama, ya ga yara na tsalle, uwa na murmushin dole, uban kuwa ya sulale ya fice. Saboda haka suka sauya tsari, suka buɗe kanti inda iyaye ke sayen kayan da aka tara a kan ɗan kuɗi kaɗan, wanda ba shi da ko kaɗan ɗin ya yi aiki a kantin ya biya da guminsa. Tun kafin wannan da ƙarnuka, Musa bin Maimun, malamin Yahudawa haifaffen Kurɗuba wanda ya rasu a Masar a 1204, ya kasa bayarwa hawa takwas, ya sa wadda mai bayarwa da mai karɓa ba su san juna ba a kusa da ƙololuwa, ba abin da ya ɗara ta sai taimakon da zai sa mutum ya tsaya da ƙafarsa.

Na san wani zai ce, ai wannan yaudara ce, a bar yaro yana zaton ubansa ne ya saya alhali ba shi ba ne. Wannan hujja ba ta da ƙarfi a ganina, musamman a ƙasar da iyaye da kansu ke ɓuya a bayan tatsuniyar wani tsoho mai farin gemu da jar riga, Santa, wanda wai shi ke rabon kyauta cikin dare ga yaran kirki. Ita wannan tatsuniya ma ita ce ta sa abin ya fi zafi, gama yaron da ya farka bai ga kome ba ba zai ce ubansa ya rasa aiki ba, cewa zai yi shi ne ba yaron kirki ba. Ban da haka, uban da ya san ɗansa mota yake so ba ƙwallo ba, ya bar aiki ya zo ya bi layi, ya haɗiye kunya ya rubuta sunansa, wa zai ce ba shi da hannu a kyautar?

Hujjar da ta fi damuna wata ce dabam. Mutane ba mala'iku ba ne. Mai sayen 'yar tsana ya jefa a kwali yana so ya ga inda ta sauka, kuma hoton yaro yana dariya shi ke sa kwalayen baɗi su cika. In ka hana hoto, ka hana godiya, wataƙila kyautar ta ragu, wanda zai yi asara kuwa shi ne yaron. Ban da amsa mai gamsarwa ga wannan. Abin da kawai na lura shi ne, kuɗin wannan hoto ba mai ɗaukarsa ke biya ba, uban da ke tsaye a gefe ne ke biya, kuma ba a taɓa tambayarsa ko ya yarda da farashin ba.

A daren nan na kasa barci, sai wata tsohuwar magana ta faɗo mini. Ina ɗan shekara takwas kasuwa ta karye wa mahaifina, har aka sayar da keken gidan. Duk da haka ana jajiberin Sallah ya kira ni ɗakinsa ya miƙo mini sabuwar riga da wando da hula, na kwana da su a ƙarƙashin matashi. Sai bayan rasuwarsa Goggo ta gaya mini cewa Kawu ne ya kawo yadin bayan lisha, ya biya tela, ya kuma ce kada a ambaci sunansa. Na tuna sarai da safiyar na je gaishe shi ina taƙama, ya kama bakin rigar yana murzawa ya ce, "Kai, Babanka ya iya zaɓen yadi!"

Asabar ta biyu na koma zauren. Na sami dattijuwar tana ƙirga takardun naɗi, na gaya mata abin da na yi. Ta ce ta sani, ta gani ta taga. Ba ta yi mini faɗa ba, sai dai ta tambaye ni ko na iya sa batir, domin akwai motoci fiye da arba'in a ɗakin ajiya na baya da ba a gwada ba. Can na wuni, ni da wani tsoho mai gyaran kekuna, muna jin hayaniyar iyaye ta bango.