Ranar Farko a Ɗakin Likitan Ƙwaƙwalwa

Karatun yau: 1 Sarakuna 19:1-18

Wataƙila an riga an ba ka ranar da za ka je ganin likitan ƙwaƙwalwa, amma ba ka faɗa wa kowa a ikilisiya ba. Ka yi azumi, ka je addu'ar dare, an ɗora maka hannu, duk da haka barci ya ƙi zuwa, abinci ba ya shiga, zuciya ta yi nauyi wata da watanni. Ga kuma wata murya tana ce maka zuwa asibiti rashin bangaskiya ne. Wannan murya ba ta Ruhu Mai Tsarki ba ce.

Dubi Iliya. Jiya-jiya ya tsaya a Dutsen Karmel gaban annabawan Ba'al 450, wuta ta sauko daga sama. Saƙo ɗaya daga Yezebel ya sa ya gudu har Biyersheba, ya bar baransa can, ya shiga jeji shi kaɗai, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Shafaffen bawan Allah ke nan fa. Ubangiji bai tsawata masa ba. Mala'ika ya tashe shi ya ci ya sha, ya bar shi ya koma barci, ya sake tashe shi ya ci. Sai a Horeb, bayan tafiyar kwana 40, aka yi masa tambaya, aka saurare shi ya zazzage abin da ke cikinsa, magana iri ɗaya har sau biyu.

Abin da za ka tarar ranar farko bai yi nisa da wannan ba: tambaya ce da saurare. Ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna ka je, ko na Kware kusa da Sakkwato, ko na Maiduguri, ko Dawanau a Kano, ko asibitin koyarwa na Jos, za ka yanki kati, ka jira a kira ka. A wurin jiran za ka ga waɗanda ciwonsu ya fi naka nauyi. Kada ka tashi ka gudu, kowa da abin da ya kawo shi. Ma'aikata iri biyu za ka fi haɗuwa da su: likitan da ke rubuta magani, da masanin halayyar ɗan Adam, wanda aikinsa zama da kai ne ku tattauna. Wani ɗaya yake bukata, wani duka biyun.

Za a tambaye ka yadda kake barci, yadda kake cin abinci, yaushe abin ya fara, ko wani a danginku ya taɓa irinsa, ko kana shan giya ko ƙwaya. Ana iya ɗibar jininka, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo sukan kawo kasala mai kama da ciwon damuwa. Za a kuma tambaye ka kai tsaye ko ka taɓa tunanin kashe kanka. Kowa ake yi wa wannan tambaya.

A nan ne mu muke da wata matsala. Mun saba da furcin bangaskiya, mutum yana kwance yana rawar sanyi, ka gaishe shi ya ce yana da ƙarfi cikin sunan Yesu. Furcin nan yana da wurinsa, amma idan ka kai shi ɗakin likita za ka koma gida da ciwonka. Iliya bai ce wa Allah lafiya lau ba. Faɗi gaskiya, har abin da kake jin kunyarsa. Ke ma 'yar'uwa da kika haihu kwanan nan, kina duban jaririn ba kya jin komai sai kuka, faɗi haka ɗin, ba ke ce ta fari ba. Abin da aka faɗa a ɗakin sirri ne, sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kāre wannan haƙƙi. Sai dai idan ranka ko na wani yana cikin haɗari, to dole a nemi wanda zai taimaka.

Ka lura da abin da Allah ya yi da maganar Iliya. Annabin ya hakikance shi kaɗai ya rage. Ubangiji ya bari ya gama, sannan ya nuna masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Damuwa takan yi wa mutum irin wannan ƙarya: ba ni da amfani, kowa ya gaji da ni. Babban aikin zaman tattaunawa shi ne a ɗauki tunani irin wannan ɗaya bayan ɗaya, a auna shi da abin da yake zahiri. Ana iya ba ka aikin gida, ka rubuta abin da ya zo maka a rai cikin mako, ko ka koma wani ƙaramin abu da ka daina yi. Zama ɗaya yakan kai kusan awa guda, kuma wata rana za ka fito zuciyarka ta fi nauyi, kamar yadda gyambo yake zafi ranar da aka wanke shi. Ka koma zama na gaba.

Idan an rubuta maka magani, maganin damuwa yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ji aikinsa, kuma akan ci gaba da sha watanni bayan an sami sauƙi. Ina da abin da zan tuba a kai a nan. A wani taron farkawa, wata 'yar'uwa ta ba da shaida cewa ta warke, ta zubar da magungunanta, ina cikin waɗanda suka tafa. Ba a daɗe ba ciwon ya dawo fiye da dā, kunya kuma ta hana ta zuwa sujada. Na manta cewa a Luka 17 Yesu da kansa ya aiki kutare goma wurin firistoci, waɗanda aikinsu ne su duba su tabbatar. Na gaskata Allah yana warkarwa nan take. Idan ya yi maka haka, je likita ya gani, shi zai rage maganin a hankali. Kafin ka shiga dogon azumi ma, ka tambaye shi.

Mai yiwuwa likitan ba mai bi ba ne. Gwauruwar Zarefat da ta ciyar da Iliya lokacin yunwa ba Ba'isra'iliya ba ce. Gaya masa kai mai addu'a ne, ma'aikaci na gari ba zai raba ka da bangaskiyarka ba. In ya raina ta, nemi a haɗa ka da wani.

Daga Horeb Allah ya aiki Iliya wurin Elisha. Zaɓi mutum ɗaya mai riƙe sirri ya raka ka ranar. Idan kuwa tunanin mutuwa ya matsa maka a daren nan, kada ka jira ranar da aka rubuta a kati. Tashi wani a gidan, ku tafi asibiti mafi kusa yanzu.

Addu'a: Ya Uba, ka ba ni ƙarfin tashi in tafi ranar da aka sa mini. Ka buɗe bakina in faɗi gaskiya, ka ba wanda zai saurare ni hikima da haƙuri, ka nuna mini wanda zai raka ni. Cikin sunan Yesu. Amin.